Daga Zunguru Zuwa Rumfar Baje Koli: Yadda Lalle Ya Fita Kasuwa A Amurka Da Ingila

Duk wanda ya taso a gidan da ke da tsohuwa a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa ganin zunguru ba, ko da kuwa a rataye ne a bango ƙura ta lulluɓe shi. Ga yaran yanzu da ba su san shi ba, zunguru wani dogon duma ne da ake fafewa, mace ta cusa hannunta ciki bayan ta lafta masa kwaɓaɓɓen lalle, don kada lallen ya bushe kuma kada ya ɓata shimfiɗa. Ƙafa kuwa sai a naɗe ta da ganye da tsumma. Na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, idan ta yi ƙunshi bayan sallar isha'i, to gidan kowa ya zama ɗan aikenta har gari ya waye. Wannan ya miƙo mata buta, wancan ya sosa mata baya, wata ta gyara mata ɗankwali. Da asuba a kwance, a wanke, ta ɗaga hannu ta duba a hasken fitila, ta ce bai gama kamawa ba tukuna, sai gobe. Kuma gaskiyarta, sai kashegari yake yin ja sosai.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe shi a zuciya, saboda inda za mu je yana da nisa. A ƙasar Amurka, da Ingila, da Kanada, idan damina ko bazararsu ta kama, wato lokacin da sanyi ya ja baya, garuruwa kan cika da tarukan fili: bikin baje kolin amfanin gona, taron kaɗe-kaɗe, kasuwar masu sana'ar hannu. A cikin rumfunan masu soya dankali da masu sayar da 'yan kunne, sai ka tarar da wata rumfa mai tebur ɗaya da kujeru biyu, mace na zaune tana zana wa baƙuwar da ba ta taɓa gani ba lalle a hannu. Minti biyar ko goma an gama, an biya, ta gaba ta zauna. Wannan sana'a ba ta fi shekara talatin da kafuwa sosai a can ba, kuma tarihinta tarihi ne na abin da ke faruwa idan aka ɗauki aikin kwana guda aka ce sai ya ƙare kafin layi ya gaji da tsayuwa.

Bari mu fara da shi kansa ganyen. Lalle itace ne na ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, kuma a cikin ganyensa akwai wani sinadari mai rini wanda ke manne wa abin da aka gina fata da farce da gashi da shi. Wannan sinadari yana da nawa. Sai an daka ganyen, an tankaɗe, an kwaɓa, an bar shi ya tsima na wasu sa'o'i kafin ya saki rininsa. Idan an shafa, sai ya ɗauki sa'o'i huɗu, shida ko fiye yana ratsa matattun ɓawon fata na sama. Idan an kankare, abin da za a fara gani ruwan goro ne mai haske, sai iska ta yi ta bugunsa kwana ɗaya zuwa biyu sannan ya koma ja mai duhu. Bugu da ƙari, ba ko'ina yake kamawa daidai ba. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi ko'ina kaurin fata, don haka can ya fi yin duhu. Damtse da gadon baya da ciki fatarsu ba ta da kauri, sai ya fito fari-fari ya kuma goge da wuri. Tsofaffinmu ba su karanta kimiyya ba, amma dubi inda suka zaɓa suke ƙunsawa.

Daɗewarsa a hannun ɗan Adam ba abin jayayya ba ne. Lokacin da aka kai gawar Fir'auna Ramsis na Biyu birnin Faris a 1976 don a yi mata magani, binciken gashinsa ya nuna akwai lalle a jiki. Musulunci ya zo ya tarar da shi a ƙasar Larabawa, hadisai kuma suka ƙarfafa amfani da shi. A nan Afirka ta Yamma, malamin nan na Andalus, Al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a 1068, ya ambaci gonakin lalle a Audagust, wani birnin fatake da kufansa ke cikin Muritaniya ta yanzu. Masana harshe na ganin ita kanta kalmar lalle daga bakin Buzaye muka samo ta, mu kuma muka miƙa wa Yarbawa, suke cewa laali. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauko daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka kuma buga a 1954, za ka ga yadda aure ke tafiya a kan lalle: a kama amarya, a sa ta a lalle, ta yi kwanaki a ciki, shi ma ango a sa masa nasa.

Abin lura a duk wannan dogon zamani shi ne wadda ke ƙunsawa. Ko dai gwaggo ce, ko ƙawa, ko kishiyar uwa, ko kuma wata ƙwararriya ta unguwa wadda kowa ya san ƙofar gidanta, kamar yadda ake da su a Sudan da Maroko da Indiya. Idan lalle ya ƙi kamawa, ko ya yi wa yarinya lahani, an san inda za a je a yi ƙorafi. Ba wata doka da aka rubuta, sanayya ce kawai ke tsare aikin.

Abubuwa biyu ne suka share wa rumfa hanya. Na farko kayan aiki ne. A da, ko dai a lafta lalle gaba ɗaya, ko a yi zane da tsinke, abin da ke cin lokaci ƙwarai. Matan Maroko suka koma amfani da sirinji, a Indiya kuwa wajen shekarun 1980 aka yayi naɗe 'yar leda ta yi tsini kamar ƙaho, a ɗura lalle mai laushi a ciki, a huda bakin kaɗan, a riƙa matsawa kamar ana rubutu da alƙalami. Da wannan leda, furen da zai ci rabin sa'a da tsinke sai ya fito cikin minti uku. Na biyu kuma hijira ce. A 1965 Amurka ta sauya dokarta ta shigar baƙi, ta soke tsarin da ke fifita Turawa, sai mutanen Indiya da Pakistan suka fara shiga da yawa. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan asalin Indiya daga Uganda, sama da 27,000 daga cikinsu suka sauka Birtaniya. Hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Uganda tana roƙonsu kada su zo garinta, amma suka zo, kuma yau su ne ƙashin bayan kasuwancin wasu unguwanninta. Waɗannan baƙi sun zo da lallensu, wanda suke kira mehndi, sai dai shekaru da dama a cikin gida ya tsaya, wajen biki da Sallah da Diwali. Fitarsa fili ta farko a Ingila ta biyo ta irin tarukan da suke kira mela, wato bikin gari na kiɗa da abinci da saye da sayarwa, irin wanda aka fara a Bradford a 1988. A nan ne maƙwabta Turawa da yawa suka fara miƙa hannu a zana musu.

Amma abin da ya mayar da shi sana'ar kowa da kowa ya faru ne a Amurka cikin shekara uku kacal. A 1996 wata mata mai suna Loretta Roome ta shirya nunin hotuna da zanen lalle a wani ɗakin baje fasaha a birnin Niyok, jaridu da gidajen talabijin suka yi ca. A 1997 Carine Fabius, 'yar asalin ƙasar Haiti, ta buɗe wurin zanen lalle a shagonta na Lakaye da ke Los Anjalis, taurarin fim suka fara zuwa. A farkon 1998 mawaƙiya Madonna ta fito a bidiyon waƙarta mai suna Frozen da lalle a hannuwanta, aikin Sumita Batra, wadda danginta ke da shagon kwalliya a unguwar Indiyawa ta yankin Los Anjalis. A cikin wannan shekara Roome da Fabius kowace ta fitar da littafin koyar da zanen. Shi ke nan, magana ta ƙare. Kantuna suka cika da 'yan kwalaye masu ɗauke da garin lalle da takardar bayani. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. 'Yan matan Indiya da suka taso a can, waɗanda a makaranta aka yi ta tambayarsu ko cuta ce ta fito musu a hannu, sai ga shi abin da aka yi musu dariya a kai ya zama ado don wata Baturiya ta yi. Malama Sunaina Maira ta yi rubutu a kan wannan ɓacin rai a shekarar 2000.

Sai dai fa akwai wani abu da ya kamata a fahimta game da abin da Ba'amurke ya ɗauka yana saye. Shekarun 1990 lokaci ne da jarfa, wato zanen allura da tawada wanda ba ya gogewa, ta fita daga hannun sojojin ruwa da 'yan daba ta zama yayin samari da 'yan mata. Birnin Niyok ma, wanda ya haramta sana'ar tun 1961, a 1997 ya ɗage haramcin. Mutane da yawa na sha'awa amma suna tsoron zafin allura, da faɗan iyaye, da nadama. Sai aka tallata musu lalle da sunan jarfar wucin gadi: ba zafi, ba jini, mako biyu ta tafi. Wannan suna shi ya kawo ciniki, kuma shi ne ya jawo masifar da za mu zo kanta.

To yaya ake kafa irin wannan rumfa? Wurin da aka fi ba mai sana'a a tarukan Amurka taku goma ne tsawo, taku goma faɗi. Tun watanni kafin ranar ake neman gurbi, a cika takarda, a aika hotunan aiki, a biya kuɗin rumfa, wani wurin kuma masu taron su yanki kaso daga cinikin. Da yawa ba sa karɓar mutum sai ya nuna takardar inshora da ta haraji. Kuma wannan kuɗi ba ya dawowa: idan aka wuni ana ruwa, asara ta hau kan mai rumfa ita kaɗai. Za ta zo da tanti, da buhunan yashi ko duwatsun da za ta ɗaure ƙafafunsa don iska, da tebur, da kujeru, da fitila idan taron zai kai dare. Akwai tsofaffin tarukan da suka karɓi sana'ar hannu bibbiyu, musamman irin bikin nan na kwaikwayon rayuwar Turawan da, wanda wata malamar makaranta, Phyllis Patterson, ta fara a Kalifoniya a 1963, inda kowa ke sa tufafin zamanin sarakuna. Mai lalle ta dace da wurin, ana kallonta kamar wata baƙuwa daga gabas. Haka nan bakin teku irin na Venice da ke Los Anjalis, inda masu zane ke jere kullum.

Babban aiki kuwa a gida ake yin sa kafin a fito. Kwaɓaɓɓen lalle na gaskiya kamar danyen nama yake, ba ya jure zafi. Da zarar ya saki rini, kwana kaɗan ne a waje ƙarfinsa ya tafi. Don haka mai rumfa kan sayi gari mai kyau, galibi na Sojat da ke jihar Rajastan ta Indiya, garin da lallensa ya yi suna har gwamnatin ƙasar ta yi masa rajistar asali a 2021. Ta tace shi ta cikin safa mai laushi don kada ya toshe bakin leda, ta kwaɓa da ruwan lemon tsami ko ruwa zalla, ta zuba sukari don ya manne wa fata kada ya farfashe da wuri, ta ɗiga man wasu itatuwa masu ƙamshi da ke taimaka wa rinin fitowa. Sai ta ɗura a ledoji, ta jera a firiza. Ranar taro ta kwaso su cikin kula da ƙanƙara, tana fito da ɗaya-ɗaya.

A gaban rumfa akwai kundin zane, kowane da kuɗinsa gwargwadon girmansa. Wannan kundi ba ado ba ne, shi ne ke hana mai saye tsayawa yana inda-inda alhali mutum goma na bayansa. Lissafin a fili yake: kuɗin rumfa da na mota da na masauki sai sun fita cikin sa'o'in da jama'a ke wurin, don haka ƙananan zane masu sauri sun fi kawo riba a kan babban aikin amarya da zai cinye wuni. Gwanaye kan ɗauki mai taimako, ita ke karɓar kuɗi, ta tsara layi, ta goge wa mutum hannu don a cire mai da gumi, hannun mai zane kuwa ba ya taɓa komai sai leda. Sa'annan ga masu shaye-shaye da ba sa iya zama shiru, ga yaran da za su goga hannu a riga kafin su bar wurin su dawo suna kuka a gyara. Bayan an gama sai a miƙa wa mutum 'yar takarda: ka bar shi a jiki sa'o'i da dama, kada ka wanke da ruwa, kankarewa za ka yi, kada ka tsorata in ka ga ruwan goro, jibi zai yi duhu. In ka duba da kyau, wannan 'yar takarda ita ce ta maye gurbin zunguru da kakar da ke cewa sai gobe.

Nan fa gizo ke saƙa. Mai saye ya zo ne neman jarfa. Yana son ta baƙa, yana son ta a damtse ko a ƙugu ko a wuya, wato daidai wuraren da lalle ba ya kamawa sosai, kuma yana son ya shiga ruwa ya yi iyo bayan sa'a guda. Lalle ba ya iya ko ɗaya daga cikin ukun nan. Amma akwai abin da zai iya, wato wani sinadari da ake kira PPD a taƙaice, wanda tun ƙarshen ƙarni na 19 ake amfani da shi wajen rina gashi da fatun dabbobi. Yana da arha, ba ya buƙatar firiza, ba ya lalacewa a rana, yana kama kowace irin fata baƙi wuluk cikin ƙasa da sa'a guda. Ga mai rumfar da ba ya tsoron Allah, ko wanda bai ma san abin da ke cikin kwalbar ba, wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Aka sa masa suna baƙin lalle, alhali wani lokaci ko ƙwayar ganyen lalle babu a ciki. Daga ƙarshen shekarun 1990 likitocin fata a Turai suka fara ba da rahoton masu yawon buɗe ido da ke dawowa daga Bali, da Masar, da Turkiyya, da Maroko, da gaɓar tekun Amurka, da zanen kunama ko na fure ya tashi ya zama bororo a jikinsu.

Yadda cutar ke aiki shi ne ya sa ta dace da kasuwar fili kamar an auna. Wanda aka fara yi wa, sau da yawa ba ya jin komai a ranar. Sai bayan mako ɗaya ko biyu wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ruwa, daidai bisa layin zanen, wani ya bar tabo. Kafin nan an naɗe tanti, mai rumfa ya yi gari uku gaba, ko kuma shi mai sayen ne ya hau jirgi ya koma ƙasarsu. Ba wanda zai dawo ya nuna masa hannu, don haka shi a ganinsa kayansa lafiya lau. Ba kowa abin ke kamawa ba, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ake samun masu rantsuwa cewa sun yi sau goma ba abin da ya same su. Amma wanda jikinsa ya riga ya tsani sinadarin, ya tsane shi ke nan har abada, kuma ranar da ya sake haɗuwa da shi a rinin gashi, ko a wasu baƙaƙen tufafi, ko a wasu magungunan da suka yi kama da shi, martanin kan fi na farko muni. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda PPD ya wuce kashi 2 cikin ɗari a rinin gashin da aka haɗa ba, kuma ba ta yarda a shafa shi a fata don zane ba. Wani bincike da aka buga a 2010 kan samfuran da aka karɓo daga shagunan kwalliya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sami wanda ya kai kashi 29.5. A Ingila, wata mata 'yar shekara 38 ta shafa rinin gashi a gidanta a 2011, numfashinta ya sarƙe, ta yi shekara guda a sume, ta rasu a 2012. A zaman binciken mutuwarta a 2015 aka bayyana cewa an yi mata zanen baƙin lalle a Dubai a 2007, kuma mai binciken ya ce da alama wannan ne ya ƙara tsananta yadda jikinta ke ƙin sinadarin.

Hukumomi sun motsa, amma a hankali. Kanada ta yi gargaɗi a 2003 ta kuma hana sayar da kayan shafa a fata masu PPD. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya fi jan hankalinta a shekarar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sake jan kunne a watan Maris na 2013, daf da hutun da ɗalibai ke tururuwa bakin teku. Wani abin mamaki a dokar Amurka shi ne, shi kansa lalle na gaskiya an amince da shi ne don rina gashi kawai, ba don shafawa a fata ba, har akan tsare wanda aka shigo da shi da tambarin zanen jiki. Ita kuwa sana'ar zanen, jihohi da ƙananan hukumomi aka bar wa, wasu sun yi doka, wasu ko oho. Ma'aikacin lafiya da ke zagaya taro ya fi damuwa da mai soya kaza.

Saboda haka yaƙin ya faɗa kan masu lalle na gaskiya, don su abin ya fi shafa. Uwar da ɗanta ya ƙone ba ta bambance ja da baƙi, kowace rumfa ɗaya ce a wurinta, kuma akwai masu shirya taro da suka gwammace su kori sana'ar gaba ɗaya su huta. Sai masu rumfa suka fara kafa allo suna rubuta duk abin da ke cikin kwaɓinsu, suna liƙa hotunan hannayen da suka ƙone, suna koya wa jama'a su shinshina: lalle na ƙamshin ganye, launinsa kore ne ko ruwan ƙasa, kuma duk wanda ya ce maka baƙi ne zai kama nan take, ka janye hannunka. Suka daina yi wa jarirai da ƙananan yara, domin akwai wani larurar jini ta gado, wadda likitoci ke kira ƙarancin G6PD, da ke sa ko lalle na gaskiya ya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariri. Wannan larura tana da yawa a Afirka ta Yamma, ya kamata masu shafe jarirai da lalle ranar suna su sani. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya ita ce Catherine Cartwright-Jones, wadda ta yi shekaru tana zanen lalle a tarukan fili kafin ta koma jami'ar Kent da ke jihar Ohayo, inda a 2015 ta kammala digirin digirgir a kan yadda baƙin lalle ya bazu a duniya. Ga masu nacin sai baƙi kuwa, wasu rumfunan suka kawo jagua, ruwan 'ya'yan wani itace na dazukan Kudancin Amurka, mai ba da launin shuɗi mai duhu. Abin da ya ba ni dariya da na bi asalinsa shi ne, dangi ɗaya suke da katambirin da iyayenmu mata ke ja wa fuskarsu layi da shi, wanda muka yar muka ce ƙauyanci ne.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin Turawa ne kawai. Tun kafin Madonna ta san lalle, matan Sudan sun riga sun gano cewa rinin gashi na sa ƙunshi ya yi baƙi da sauri, ya rage musu wahalar maimaita shafawa sau biyu ko uku. Likitoci a Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar wannan haɗi, wasunsu sha suka yi, maƙogwaronsu ya kumbura ya toshe numfashi, 13 suka rasu. Salon zanen fure na Sudan da na Larabawa, wanda hanyar aikin hajji da finafinan Indiya suka taimaka wajen sa mana sha'awarsa, ya iso Maiduguri da Kano da Damagaram tare da baƙin rininsa, muka raɗa masa dayis. Kuma dole a faɗi gaskiya, akwai dalilin da ya sa ya karɓu: jan lalle ba ya fitowa sosai a bayan hannun mace baƙa, dayis kuwa raɗau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO, a zamanta na birnin Asunsiyon na ƙasar Paraguwai, ta sa lalle cikin jerin al'adun gado na duniya bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Sudan da Muritaniya. Babu Nijeriya a ciki, babu Nijar, ita ma Indiya babu.

Daren jajibirin Sallar da ta wuce na raka ƙanwata wani gida inda ake ƙunshi. Tun daga zaure ake layi, mata da 'yan mata sun fi arba'in, wasu a tsakar gida wasu har waje ƙarƙashin fitilar maƙwabta. Masu zane huɗu ne, yara ne ƙanana, da alama an ɗauko su ne don cinikin Sallah kawai, kowace da leda a hannu ba ta ko ɗaga kai. A gefe guda wata dattijuwa na yanka salatif tana liƙa wa mata biyu a ƙafa don jan lalle, su kaɗai ne suka zo da niyyar kwana da shi. Na tambayi yarinyar da ke yi wa ƙanwata abin da ke cikin kwaɓin. Ta ce, wallahi Yaya ban sani ba, a kasuwa Anti ke sayowa, ruwa kawai muke zubawa. Ta juya ta ce wa ƙanwata ta ba shi minti ashirin ta wanke, ta kira ta gaba.